Muhawara: Shin makin wasannin share fage na AFL ya isa a sauya ɗan wasa a ƙungiyar Fantasy?

Malam Habu: Jama'a, ga matsayata a taƙaice. Makin da ɗan wasa ya ci a wasannin share fage na ƙwallon Ostireliya, a Fabrairu da farkon Maris, bai kamata ya sa a cire ko a saka ko mutum ɗaya a ƙungiyar AFL Fantasy ba, wato wasan da mutum ke sayen 'yan wasan AFL, babbar gasar ƙwallon, yana tara maki daga abin da suka yi a fili. Wasan hukuma ɗaya tak kowace ƙungiya take yi yanzu kafin kaka, sai na gwaji da ake shiryawa tsakanin ƙungiyoyi biyu, wanda wani lokaci ma yakan wuce zango huɗu don kowa ya samu ya taɓa ƙwallo. Benci ya fi na kaka faɗi, manyan 'yan wasa suna hutawa bayan rabin lokaci, ba a ɗora wa kowa mai tsaro ya hana shi sakat, kuma babu mai son ya ji ciwo. Carlton ta ci kofin share fage a 2005, ta ƙare kakar a ta ƙarshe. Abin da ɗan wasa ya yi a wasa 23 na bara ya fi abin da ya yi rana ɗaya a zafin bazara.

Nura: Malam, da girmamawa, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Harry Sheezel fa? North Melbourne ta ɗauke shi a matsayin ɗan gaba a 2022, koci Alastair Clarkson ya mayar da shi baya tun a share fage. Wasansa na farko da West Coast a 2023 ya raba ƙwallo sau 34. Ba shi da wani tarihin bara da za a duba. Wanda ya rufe ido a Fabrairu ya yi asarar ɗan wasa mafi riba a wannan shekarar.

Zainab: Nura, misalinka ya yi, amma lura da abin da aka gani a wurin Sheezel: inda yake tsayawa ne. Malam Habu yana da gaskiya a kan maki, ya yi kuskure da ya haɗa har da wasan ya zubar.

Mu tuna yadda ake lissafi. Bugun ƙafa maki 3, naushin ƙwallo da hannu 2, cafke ƙwallo daga bugun wani 3, kamun abokin hamayya 4, jefa ƙwallo tsakanin manyan sanduna 6, na gefe 1, dokewar ɗan rak, wato dogon ɗan wasan da ke tsalle ya doke ƙwallon da alƙali ya jefa sama, 1. In an yi maka laifi ka samu 1, in kai ka yi a cire maka 3. To ɗan bayan da ake miƙa wa ƙwallo a gefe babu kowa kusa da shi, ya cafke ya buga, maki 6 ke nan, daidai da makin ƙwallon da ɗan gaba ya sha gumurzu ya ci, ban da 3 na bugunsa. Ya yi haka sau goma, ga 60. In kuma shi ne mai dawo da ƙwallo cikin wasa bayan an ci maki ɗaya, kuma yana fita daga ɗan murabba'in raga kafin ya buga, ana ƙirga masa bugu. Sau shida a wasa, maki 18 ba da wahala ba. Jack Ziebell ya nuna wannan a 2021, lokacin da David Noble ya ɗauke shi daga gaba ya kai shi baya, alhali a Fantasy yana nan a jerin 'yan gaba.

Waɗannan abubuwa ana ganinsu a share fage ƙarara. Koci ba ya ɓata watanni uku yana horar da mutum a sabon wuri don wasa kawai.

Malam Habu: Malama Zainab, yana yi. A share fage ne koci ke gwada abin da ba zai taɓa yi a zagaye na ɗaya ba. Kowace shekara sai an ji wane zai ƙara samun lokaci a tsakiya, wane ya zo na ɗaya a tseren kilomita biyu, wane bai taɓa samun lafiyar jiki irin ta bana ba. Maris na zuwa sai ka gan shi a kusurwar gaba yana jiran ƙwallon da ba ta zuwa.

Zainab: Shi ya sa ba a ɗaukar maganar baki, ƙirgawa ake yi. Ana jefa ƙwallo a tsakiyar fili a farkon kowane zango da bayan kowace ƙwallon da aka ci. Mutum huɗu kowace ƙungiya ke sakawa a murabba'in tsakiya, ɗan rak ɗaya da 'yan tsakiya uku. A wasan da aka ci ƙwallo 24, za a yi jifar kamar sau 28. Yawan jifar da ɗan wasa ya halarta a cikinsu shi ne adadin da ake kira CBA. Wanda ya halarci 20 cikin 28 ya haura kashi 70, ɗan tsakiya ne na gaske. Wanda ya halarci 7 baƙo ne a wurin.

Amma kada a ɗauki jimillar wasan gaba ɗaya. A raba ta zango-zango. A duba zango na ɗaya da na biyu kaɗai, lokacin da manya ke fili. Musamman jifar farko ta wasan da ta farkon zango na biyu, domin nan ne koci ke saka ukun da ya fi yarda da su. Ɗan wasan da ya tara CBA ɗinsa a zango na huɗu, bayan manya sun zauna da ƙanƙara a gwiwa, adadinsa ƙarya ne. Sai mataki na biyu: a rubuta sunan duk ɗan tsakiyar ƙungiyar da bai buga ba, a tambayi kai, in ya dawo wurin wa zai karɓa?

Alhaji Ɗanladi: Wannan mataki na biyu shi ne gishirin maganar, kuma a wurin 'yan rak ya fi fitowa fili. Ni a ganina a nan share fage ya fi amfani fiye da ko'ina, tambaya ɗaya ce kawai: shi kaɗai ne, ko su biyu ne? Brodie Grundy ya koma Melbourne a 2023 ya tarar da Max Gawn. Manyan 'yan rak biyu, wuri ɗaya. Dole ɗaya ya riƙa tafiya gaba, makin ya rabu, har aka sauke Grundy zuwa ƙaramar gasar VFL kafin kaka ta ƙare. Ya koma Sydney a 2024, shi kaɗai, makinsa ya farfaɗo. Mutumin bai sauya ba. Haka Rowan Marshall a St Kilda bayan Paddy Ryder ya yi ritaya a ƙarshen 2022, haka Tristan Xerri a North Melbourne bayan Todd Goldstein ya tafi Essendon.

Dalilin a bayyane yake. Ɗan rak shi kaɗai yana kusa da ƙwallo duk inda aka tsayar da wasa, yana dokewa, yana kamu, yana tsintar wadda ta faɗi. Dokewa 35 maki 35 ne tun kafin ya buga ƙwallo ko ɗaya. Saboda haka a wasan share fage ina duba wa ke karɓar rak in babban ya fita hutu. In ɗan gaba ne mai tsawo da ake aron sa na minti biyar, alhamdu lillahi. In cikakken ɗan rak ne na biyu aka saka a jerin, a yi hattara, ko da babban ya ci maki 120 a ranar.

Malam Habu: Alhaji, ranka ya daɗe, duk misalan nan tun lokacin cinikin 'yan wasa a Oktoba aka san su. Ba sai an kalli wasan Fabrairu ba kafin a san Goldstein ya bar North.

Alhaji Ɗanladi: An san ya tafi, ba a san ko koci zai bar Xerri shi kaɗai ko zai haɗa shi da wani ba. Oktoba ce ke kawo zato, Fabrairu ke tabbatar da shi ko ta rushe shi.

Nura: Yaya Zainab, ina da ja a kan mataki na biyun nan. Isaac Heeney a 2024. Sydney ta shiga kaka babu Callum Mills, babu Luke Parker, babu Taylor Adams, duk suna jinya. Heeney ya shiga tsakiya ne domin babu mutane. A ƙa'idarki sai a ce wurin aro ne, a ƙyale shi. Amma ya yi wasan da ba wanda ya iya fitar da shi ko bayan sun warke, ga shi a jerin 'yan gaba.

Zainab: Ban ce a ƙyale ba, cewa na yi a tambaya. Kuma tambayar tana da kashi biyu: wa ya ɓace, kuma har yaushe? Mai jinyar mako ɗaya daban, mai jinyar wata biyu ko uku daban. A AFL Fantasy farashi yana motsi tun daga wasan farko, kuma kana da musanya biyu kowane mako. Wurin aro na mako takwas ya isa farashi ya tashi, in masu wurin sun dawo ka sayar. Abin da Heeney ya ƙara shi ne ƙwarewa da aka riga aka sani tun shekaru. Ba yaro ba ne da aka gani rana ɗaya.

Malam Isiyaku: A nan sai an raba AFL Fantasy da SuperCoach, wata gasar irinta, don ana yawan cakuɗa su. A SuperCoach musanya ƙidayayya ce ta kaka gaba ɗaya, kuskuren zagaye na ɗaya yana cin mutum har Agusta. Sannan makinta na kamfanin ƙididdiga Champion Data ne, yana duba ingancin bugu da ƙwallon da aka ƙwato cikin turmutsutsu, kuma jimillar makin kowane wasa a ƙayyade take, ana raba ta tsakanin 'yan wasan. Ɗan bayan Malama Zainab mai cafke-ka-buga a gefe zai iya cin 110 a Fantasy ya samu ƙasa da haka sosai a SuperCoach. Don haka mai SuperCoach ya fi kusa da ra'ayin Malam Habu, mai Fantasy yana da sararin yin kasada.

Inda nake ganin share fage ke halaka mutane shi ne 'yan tsaka-tsakin farashi. Farashin farko an gina shi ne a kan matsakaicin makin bara. Wanda aka sa wa farashin maki 70 sai ya ci kusan 90 kafin ya biya wurin da ya tare. In ya tsaya a 75, bai kawo makin manya ba, bai kawo ribar yara ba, sai an kashe musanya an fitar da shi. Mutum ya ga ya ci 105 a Fabrairu ya saya, bai tambayi me ya sauya ba. In ba sabon wuri, ba sabon koci, ba wanda ya bar masa gurbi, ba kuma ciwo ne ya danne makinsa bara ba, to 105 ɗin iska ce.

Malam Habu: To kun dawo gidana.

Malam Isiyaku: Rabi, Malam. Akwai wanda share fage ne kaɗai zai gaya maka halinsa: mai dawowa daga doguwar jinya. Tom Mitchell ya ci Brownlow, lambar gwarzon ɗan wasan kaka, a 2018, ya karye a ƙafa wurin atisaye a Janairun 2019, bai buga ko wasa ɗaya ba a shekarar. Irin wannan ana yi masa rangwamen farashi. Abin dubawa a wurinsa minti ne. Ya buga kashi nawa na wasan? In kashi 60 ya buga ya ci maki 60, kada a yi saurin cewa a kashi 80 zai ci 80, domin mai hutawa da yawa yana shiga da sabon ƙarfi kowane lokaci. A duba ko mintinsa ya ƙaru daga wasan gwaji zuwa na hukuma, kuma ko ya buga zango na huɗu. Wanda bai buga ko ɗaya cikin biyun ba, ko sunansa ya kai ina, a bar shi sai an gan shi.

Nura: Saura yara, kuma su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na mutum 30 da ake zaɓa. Su kiwo ake yi, a saya da arha, su yi ƙiba, a sayar a sayi babba. Yaron da ba ya buga wasa ba ya ƙiba, ko da maki 90 ya ci a Fabrairu. Abin da nake dubawa: ya fara wasan a fili ko a benci? Ya buga tare da manya a rabin farko? A wane wuri? Yaron da ke baya ko a gefen tsakiya ya fi ƙaramin ɗan gaba, wanda zai iya yin wasa mai kyau ya ƙare da maki 35. Waɗanda aka ɗauko da shekarunsu daga ƙananan gasannin jihohi, VFL, SANFL ko WAFL, sukan fi ɗan shekara 18 jure wa mako shida a jere.

Malam Habu: Na yarda da batun yara da na masu jinya, tun da ba su da bara. A kan manya ban motsa ba. Ɗan tsakiyar da ya shekara uku yana haura maki 100, in ya ci 62 a share fage, ba na taɓa shi.

Zainab: In 62 ɗin ya zo da CBA irin na bara da minti kaɗan, ni ma ba na taɓa shi. In ya zo ne yana tsaye a gaba rabin wasan, wani yaro ya karɓi jifar farko a madadinsa, to farashinsa na ɗan tsakiya ne, aikinsa na ɗan gaba. Wannan sai a jira zagaye biyu ko uku ya sauko a saye shi da sauƙi.

Alhaji Ɗanladi: Kada a rufe bencin Fantasy sai an ga jerin sunayen zagaye na ɗaya. Akasari ana fitar da shi ranar Alhamis da yamma agogon Melbourne, wanda a watan Maris yake gaban na Najeriya da Nijar da awa goma, wato da safe ke nan a wurinmu. Ƙungiyoyin da ke wasa ranar Lahadi sukan fara ba da jeri mai faɗi su rage daga baya, don haka yaron da sunansa ke ƙasan wannan jerin bai tabbata ba. A ajiye ɗan kuɗi da sunan wani yaro na biyu a kowane layi, wanda ƙungiyarsa ba ta riga ta buga ba.