Tsuntsun da ke wata huɗu bai ci ba, yaya zuciyarsa take yi?

Mai Kaji, Argungu:
Assalamu alaikum jama'a. Yarona ɗan aji biyar na sakandare ya zo mini da labarin fengwin, tsuntsun nan na Antaktika mai tafiya a tsaye. Wai namijin yakan yi kusan wata huɗu bai sa komai a baki ba saboda kwancin ƙwai. Ni kiwon kaji nake yi. Kaza kwana 21 take kwanci, tana sauka ta yi tono ta sha ruwa, amma in ka ɗaga ta sai ka ji ƙashin ƙirji tsirara. To shi da me yake rayuwa? Zuciyar ba ta gajiya?

Malamar Bayoloji, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaro ya yi gaskiya, amma mafi girma a cikin fengwin ake nufi, wanda ake kira emfaro. Uwar tana sa ƙwan sai ta bar wa namijin ta tafi teku neman abinci. Kwancin kansa kwana 65 ne ko kusa da haka, ƙwai ɗaya tal a kan ƙafafunsa, fatar ciki ta rufe shi. Sai dai tun barinsa teku a watan Maris ko Afrilu ya daina ci, shi ya sa lissafin ke haura kwana 110. Yana zuwa da kilo wajen 38, ya tashi ya zubar da kusan rabi.

Dabarar jikin ita ce tsimi. A kwanakin farko yakan rage ƙona abinci, daga nan ya koma kan kitse kusan zalla, ya ƙyale tsoka. Sannan mazan sukan cure wuri guda, na gefe yana kutsawa ciki a hankali, don sanyin yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri.

Ɗalibi daga Gusau:
Malama ta bar zancen zuciya. Ba gajiya take ba, sassautawa take. Masu bincike sun auna fengwin ɗin da ke bi wa emfaro a girma a tsibiran Kurozet na Faransa, suka ga yadda azumin ke nisa haka bugun zuciya da iskar da jiki ke sha suke raguwa. Dama zuciyar ta saba: an taɓa auna ta emfaro yana nutso, bugu 6 kacal a minti.

Mai Kaji, Argungu:
Ikon Allah! To ruwa fa, Malama? Kuma in kitsen ya ƙare uwar ba ta dawo ba?

Malamar Bayoloji, Birnin Kebbi:
Ƙanƙara yake tsattsaga, ƙona kitsen ma yana samar da ruwa a jiki. In kitsen ya kusa ƙarewa jiki yakan fara cin tsoka, tsuntsun ya kasa zama, ya bar ƙwan ko ɗan ya nufi teku. Ni ban kira shi rashin tausayi ba, Alhaji. In ya tsaya, su biyun za a rasa.