Y ko M: abin da ya same mu wajen haɗa kanel

Sagir: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya na haɗa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'ura, da hannuna karon farko. Wajen haɗawa, kowane direba (manhajar da ke tafiyar da wani sashe na na'ura) ana sa masa Y a ɗinke shi a jikin kanel, ko M ya zama fayil daban da ake ɗorawa daga baya. Ina sake kunna kwamfutar sai ta cije, ta rubuto "Unable to mount root fs". Ashe M na sa wa ext4, direban tsarin fayilolin faifaina, kuma ban yi initramfs ba, ɗan kunshin da ke ba kanel direbobi kafin faifai ya buɗu. Wato direban da zai buɗe faifan yana kwance a cikin faifan, kamar ka kulle ɗaki mukullin na ciki. Da na mayar da shi Y ta tashi lafiya lau. To ba gara in sa wa komai Y in huta ba?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kul, ƙanena, ni na riga ka faɗawa wannan ramin. Na ɗinke direban wayfay na Intel, iwlwifi, a jikin kanel, sai wayfay ya ɓace ɓat. Kwana biyu ina zargin katin ne ya ƙone, har na fara tambayar kuɗin wani a kasuwa. Sai da na karanta dmesg, wato saƙonnin kanel, na gane. Direban da ke jikin kanel yana farkawa tun kafin a ɗaura faifai, ya nemi fayil ɗinsa a /lib/firmware, ya rasa, ya haƙura. Na mayar da shi M, ya jira faifan ya buɗu, aiki ya kankama.

Zainab: Ni linzamin kwamfutata ne ke yawan sumewa a Ubuntu. Na rubuta gyara a /etc/modprobe.d, inda ake ajiye saitin direbobi, don usbcore, babban direban USB, shiru kake ji. Na duba lsmod, umarnin da ke jera direbobi, babu ma sunansa. Ashe lsmod waɗanda aka ɗora daga baya kawai yake nunawa, na cikin jiki suna a fayil ɗin modules.builtin, kuma ba sa sauraron modprobe.d sam. Sai da na ƙara usbcore.autosuspend=-1, mai hana na'urorin USB yin barci, a layin GRUB, manhajar da ke tayar da kanel, ya ji magana.

Nura: Ni dai daɗin M a wurina, in direba ya rikice sai in cire shi da modprobe -r in mayar, ba sai na kashe na'ura ba. Na Y ba ya ciruwa.

Sagir: Na gode Malam, na gode ƴan uwa. Na bar ext4 da direban faifai a Y, sauran duk M. Yanzu haka tana kan haɗawa, Allah Ya sa kar a ɗauke wuta.