AC na motata yana hura iska mai ɗumi, ina neman shawara

Baban Yara: Salamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan AC na motata yana ba ni matsala. In ina gudu a babban titi yana ɗan yin sanyi, amma da na shiga cunkoso ko na tsaya, sai ya koma hura iska mai ɗumi. In je a ƙara gas ne?

Direban Dare: Wa alaikumus salam. Gas ne ya yi ƙasa, je ka a cika maka.

Kawu: Ɗana, kada ka yarda a ɗura maka gas ba a nemo inda yake yoyo ba. Gas ɗin AC ba fetur ba ne da injin yake ƙonawa, zagayawa kawai yake yi a cikin bututu. In ya ragu, to akwai inda yake zurarewa. Ni sau uku aka cika mini a cikin wata biyu, kullum sai ya yi sanyi sati biyu ya ɗauke. Abin da ban sani ba a lokacin, man da ke shafa kwamfiresa, wato injin da ke tura gas ɗin, tare da gas ɗin yake zagayawa, kuma tare suke fita ta wurin yoyon. Rannan ina tafe sai na ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a gaban mota. Da aka kwance kwamfiresar, man ya yi baƙi ƙirin, ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ya watsu har cikin kwandensa, wadda ke fitar da zafin gas ɗin, dole na sake su duka biyun, aka wanke bututai. Kuma ka san mafarin abin? Wata 'yar roba mai kamar zobe ce ta tsage a mahaɗar bututu. Wurin ma ya jiƙe da mai, ƙura ta manne, da an duba da an gani. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Kawu.

Mai Sifana: Gaskiya Kawu ya faɗa, amma ni alamar nan ta fi yi mini kama da fanka. Kwandensa tana gaban lagireto, in kana gudu iska tana bugunta tana sanyaya ta, in ka tsaya fanka ce kaɗai ke wannan aikin. Ka tayar da mota, ka kunna AC, ka buɗe bonet. Ka saurari ƙas ɗin da kulocin kwamfiresa ke yi in ya kama, sannan ka duba ko fankar tana juyawa. Kada ka kai hannu kusa da ita, tana iya tashi ba zato. Ka kuma taɓa bututun nan mai kauri, ya kamata ka ji shi da sanyi har yana raɓa.

Direban Dare: Ni dai na daina kunna AC, shan mai yake. Sauke gilashi ya fi.

Hajiya Babba: Haba ɗan nan, da jarirai a mota cikin rana? Ba kowa ne zai iya ba.

Direban Dare: Ban ce dole ba Hajiya, ra'ayina na faɗa.

Ɗan Auta: Yaya, in ma ta kai ga sa gas, akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet mai nuna irin gas ɗin da nauyinsa a giram. Motocin da aka ƙera tun tsakiyar shekarun 1990 yawanci R134a ne, sababbi da yawa kuma R1234yf. Ba a haɗa su, kuma kada a sa maka na firij irin R600a, yana kama wuta. A sa inji ya zuƙe iska da danshi tukuna, a auna gas ɗin a sikeli. In ya yi yawa ma sanyin raguwa yake.

Baban Yara: Na duba yanzu. Kwamfiresa tana kamawa, can sai ta saki. Fankar kuwa ko motsi ba ta yi.

Mai Sifana: To ka gani. Kafin ka sayi sabuwa, a gwada fiyus da rile nata, a duba soket ɗin ko ya ƙone. Kuma ka riƙa kallon allurar zafin inji a cunkoso har a gyara, don a wasu motocin fanka ɗaya ce ke yi wa lagireto da kwandensa aiki.

Hajiya Babba: Mai Sifana, tawa kuma sanyin yana nan amma iskar ce ba ta da ƙarfi. Shi ma fanka ce?

Mai Sifana: Hajiya, a fara ciro filtar da ke bayan akwatin dashbod, wataƙila ƙura ce ta toshe ta.