Abin da kafintocin Damagaram suka faɗa kan matsalar feshin barni, man da ke sa katako sheƙi

1. Barni yana zubo hawaye: kowa ya yarda hannu ne. Bindigar feshi ta tsaya santimita 15 zuwa 20 daga katako, tafiya ɗaya ba tsayawa, kowane layi ya rufe rabin na baya. In ya zubo, a bari ya bushe sarai kafin a goge da takardar yashi mai lamba 320.

2. Fuska ta yi gurji-gurji kamar ɓawon lemu: barnin ya yi kauri, ko iska ta gaza. A nan aka rabu. Wasu sun ce a ƙara diluwan, ruwan tsinka barni, wasu sun ce a fara duba kwampreso, injin da ke ba da iska, ƙarfin iskar ya kai kusan bar 2 a ma'auni. Masu aiki a zafin bazara sun fi gaskiya: da rana tsaka barni kan bushe tun bai sauka ba, sai a yi feshi da sassafe.

3. Ƙananan ramuka: mai ne ko ruwa a cikin tiyo. A riƙa zubar da ruwan tankin kwampreso kullum.

4. Fari-fari lokacin damina, laima ce.

5. Ƙurar hunturu: a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe ƙofa.