Wai kwamfuta ta fi likita gane kansar furostet?

Injiniya: Jama'a magana ta ƙare, AI, wato manhajar kwamfuta mai koyo da kanta, ta kayar da likitoci a karanta hoton MRI na kansar furostet, ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar namiji. Ba daga bakina ba, binciken PI-CAI ne, ya fito a mujallar Lancet Oncology a 2024, mutanen Jami'ar Radboud ta Holland suka ja gaba. An ɗura mata hotuna sama da dubu 9 ta koyi kamannin cutar da kanta, sannan aka kara ta da likitocin hoto 62 daga ƙasashe 20 a kan hotuna 400, ta ɗara su. Saura me?

Dokta: Ƙanena har ƙarshe ka karanta ko kan labarin ka gani ka taho da gudu? Su 62 ɗin jarrabawa aka zaunar da su, ba tarihin mara lafiya, ba abokin aiki da za ka ce zo duba min nan. Da aka auna ta da rahoton asibiti na ainihi a kan hotuna 1,000, inda likita ke da fayil a gabansa, ba a iya tabbatar da ta kamo su ba. Tazarar ƴar mitsitsiya ce, ban musa ba, amma su masu binciken da kansu cewa suka yi sai an gwada ta a kan marasa lafiya kai tsaye tukuna.

Injiniya: To Yaya Dokta ai ka bar sakamako na biyun. A kan waɗancan hotuna 400 ta rage zargin cutar kansa a inda babu da kusan rabi, wato rabin bayin Allah da za a tayar wa hankali a banza sun huta, wannan ba komai ba ne?

Anti Nas: A nan kam ina bayan Injiniya. Ku ba ku taɓa tsayawa a ɗakin da ake ɗebo tsokar ƙullin don gwaji ba, dattijo mai furfura an kwantar da shi a gefe ya naɗe gwiwa, allura ta bi ta dubura a ciro ƴan tsoka har goma sha biyu, kowane ɗauka ka ji ƙas ya zabura, bayan nan jini a fitsari wani ma zazzaɓi ya kwantar da shi, a ƙarshe sakamako ya fito a ce ba komai. Duk abin da zai rage wannan wlh ina maraba da shi

Kawu: Ku yi haƙuri ƴaƴana ni ban gane turancinku ba. Ni dai fitsarin dare ya dame ni, sai in je in ce kwamfuta ta duba ni?

Dokta: Kawu Allah ya ƙara lafiya. Yawanci wannan girman ƙullin ne da ke zuwa da shekaru, ba kansa ba, ita kansar ma da fari shiru take yi. Ka je asibiti a duba ka a yi gwajin jini na PSA, in ya hau sannan a yi zancen hoto.

Malama: Ni abin da ke cina daban ne. Hotunan nan duka daga Holland da Norway suke, alhali baƙar fata cutar ta fi kamawa, a Ingila lissafinsu namiji baƙar fata 1 cikin 4 zai kamu, sauran maza 1 cikin 8. A Najeriya kuma ita ce kansa ta ɗaya a maza. Da jikin wasu ta yi karatu da injinansu, ta yaya za mu ce ta san namu?

Injiniya: Haba Malama, ƙulli ai ƙulli ne, MRI ba ya ganin launin fata

Dokta: Amma yana ganin inji. Sauya na'ura kawai ko yadda aka saita ta yana iya rikita irin waɗannan manhajoji, balle tsohon inji mai hoto dishi-dishi. Kuma mu yi gaskiya, da yawan waɗanda ke zuwa mana sai fitsari ya tsaya cak an sa roba, ko baya ya riƙe saboda ta riga ta shiga ƙashi. Wannan ba ya buƙatar AI ta gano masa komai.

Injiniya: Ai hujjata ce ka kawo. Likitocin hoto nawa suka rage bayan masu ficewa waje? Inda babu ƙwararren da ya saba ba da makin PI-RADS 1 zuwa 5, wato ma'aunin ƙarfin zargin cutar a hoto, gara manhajar da a bar hoto ya yi sati a kan tebur.

Malama: In ta ce 2 ashe 5 ne mutum ya koma gida da murna, wa za a kama?

Dokta: Shi ya sa ko manhajar Paige Prostate da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2021, ta duba tsoka a gilashi, mataimakiya aka ce, likita ne ke sa hannu. A kawo ta MRI ɗin, a gwada da hotunan mutanenmu a ga ƙwazonta, ni zan fara amfani da ita. Amma "magana ta ƙare" ɗin nan ka janye shi.

Injiniya: Na janye rabi 😄

Kawu: To shi PSA ɗin da azumi ake zuwa ko zan iya karyawa?