Sabon sirinji ga masu allurar ƙwaya: ceto ne ko ɗaure wa ɓarna gindi?

Kawu Direba: Jama'a, jiya a Nima, nan Accra, na ji wata magana da ta tsaya mini a rai. Wai a riƙa raba wa masu allurar ƙwaya sabon sirinji kyauta. Ashe mu za mu saya musu kayan aiki ke nan?

Nas ta Maamobi: Kawu, a ba su ko a hana su, sai sun yi. In babu sabo, mutum biyar za su yi da guda. Ta nan ƙanjamau da ciwon hanta ke bi, har su isa ɗakin matar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Malam Liman: 'Yata, duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, kuma an hana mu taimakekeniya a kan saɓo.

Nas ta Maamobi: Haka ne, Allah gafarta Malam. Amma sai da rai ake tuba. A Dakar tun 2014 akwai cibiyar da ke ba su methadone, maganin da ke maye gurbin ƙwayar, a hannun likita, don su rabu da allurar. Iran ma tana raba sirinji.

Hajiya Mai Waakye: Ni dai ku bar ni da zancen ɗauri. Ƙanena, ƙullin wiwi ya kai shi gidan yari a tsohuwar doka. Ya shiga yana shan abu ɗaya, ya fito ya san uku. Dokar ƙwayoyi ta Ghana ta 2020, Act 1019, ta mai da hukuncin mai sha tara, sidi 2,400 zuwa 6,000. Madalla. To ɗan zangon da ke tura baro, ina zai samo su? In bai biya ba, can ɗin dai zai koma.

Kawu Direba: Hajiya, ni yaran da nake gani ma ba allura suke yi ba. Tramol suke haɗiya, sai ka ga yaro a tsaye yana barci.

Nas ta Maamobi: Hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da mai miligiram 50 da mai 100 ne, su kuma mai 225 suke sha. In numfashi ya fara tsayawa akwai wani magani, naloxone, yana dawo da shi kafin a kai asibiti. Shi ma za a ce kada a ajiye?

Malam Liman: Maganin ceton rai ban taɓa ƙin sa ba, kawo in yi huɗuba a kansa. Sirinjin ne har yanzu bai kwanta mini ba.

Hajiya Mai Waakye: Malam, ranar Juma'ar nan, ko sai an sake wani zama?