Waiwaye bayan kowace hissa (darasin aji), me ake rubutawa ne?

Ɗalibar tarbiyya, Sinnar:
Salamu alaikum malamai. Ina shekarar ƙarshe a karatun malanta ɓangaren lissafi, yanzu muna tarbiyya amaliyya, wato gwajin koyarwa, a wata makaranta kusa da Maiurno, to mushrif ɗinmu, malamin da ke duba mu, ya ce dole bayan kowace hissa mu rubuta waiwaye, wai ta'ammul, ni kuma wallahi kullum abu ɗaya nake rubutawa, darasi ya tafi lafiya yara sun gane, har na fara jin ɓarnar takarda ce. Dan Allah me ake so a rubuta?

Tsohon malami, Gadarif:
Wa alaikumus salam 'yata. Bar zancen aji gaba ɗaya, kama kuskuren yaro ɗaya tak. Shekarata ta farko na ba su 1/2 + 1/3, da yawansu suka kawo min 2/5, na bi da jan biro, washegari na sake karanto musu ƙa'ida da ƙarfi, ba abin da ya canza. Sai da na zauna da dare na tambayi kaina daga ina 2/5 ɗin nan ta fito, ashe na sama suke haɗawa da na sama, na ƙasa da na ƙasa, don ban taɓa nuna musu rabi da ido ba. Na zo da kisra na yanka a gabansu, na ce mai rabi aka ƙara masa sulusi, yaya za a yi nasa ya koma bai kai rabi ba? Nan ajin ya yi tsit. Abin da yaro ya yi, dalilinsa, da abin da za ki sake gobe, su za ki rubuta.

Malama, Madani:
Gaskiya ne Baba, amma a ji tausayinsu, aji cike maƙil ga hissa a jere, wa ke da lokacin cika shafi? Ƙanwata layi uku ya isa, amma ki rubuta kafin ki fita fatur, in kin kai gida kin manta. Kuma ki roƙi abokiyar karatunki ta zauna a baya ta riƙa kallon daftarin yara ba ke ba, haka malaman Japan suke yi, su tsara darasi tare, ɗaya ya koyar, sannan su zauna su tattauna.

Ɗalibar tarbiyya, Sinnar:
Allah ya saka da alheri. Yau ma wata yarinya ta ce min 0.25 ya fi 0.5 girma na gyara mata kawai na wuce. Gobe in sha Allah zan fara tambayarta yadda ta lissafa.